Sai da Lasisi Za a Yi Kitso?

  Ina gaida mutanen Sule Tankarkar, gari da ƙauye. Ina gaida na Gumel, da na Gagarawa, da na Maigatari bakin iyaka. Har da 'yan uwanmu na tsallake, na ƙasar Damagaram, waɗanda muryarmu take isa gare su. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata, domin zancen yau nasu ne. Ku kuma maza kada ku murɗa akwatin rediyon. Sau da yawa kuɗin kitso daga aljihunku yake fita. Kan da ake kitsawa kuma na 'ya'yanku ne.

Zancenmu na yau a kan kitso ne, kuma tambaya ɗaya ce tak. Shin ya dace a ce sai mace ta shiga makaranta, ta karɓo lasisi daga hukuma, kafin ta taɓa kan wata?

Na san akwai mai dariya a yanzu haka. Za ta ce, wane irin lasisi kuma a kitso? Ki yi haƙuri, Inna, ki ba ni aron kunne. Akwai ƙasar da aka kama mace, aka tafi da ita ofishin 'yan sanda, saboda ta yi kitso ba takarda. Zan zo kan labarin.

Amma bari in fara faɗa muku inda na tsaya, don kada in ɓata muku lokaci. A koya wa makitsa tsafta. A ba da takardar shaida ga wadda take so. Amma kada a ce sai da izinin hukuma za a yi kitso. Koyarwa daban, shaida daban, izini daban. Biyun farko alheri ne. Na ukun ne nake tsoro.

To, mu fara daga gida. Yaya ake zama makitsiya a ƙasar Gumel?

Ba aji, ba allo. Yarinya tana zaune gefen uwarta, ko gwaggonta, ko maƙwabciya. Tana miƙa kibiya, tana miƙa mai, tana kallo. Ta fara gwadawa a kan 'yar tsana. Daga nan ta kama kan ƙanwarta, ana kuka ana lallashi. Sai a ba ta tsifa. Sai a bar ta ta ƙarasa bayan kai, inda ba a cika gani ba. Shekara da shekaru ake yi a haka. Ranar da wata babbar mace ta zauna a gabanta, ta kwance ɗankwali, ta ce yi mini, ranar ta ci jarrabawa.

Kuma kada ku raina wannan jarrabawa. Tana da tsauri. In tsaga ta karkace, kafin la'asar unguwa ta ji. In kitso ya warware cikin kwana uku, ba mai komawa. Mata suna da nasu ma'auni. Za ka ji an ce wance hannunta yana da zafi. Wance kuwa hannunta ya karɓe ni, gashina ya cika. Wance ta iya shuku, amma kalabarta ba ta zama. Tsofaffi har yanzu suna tuna waɗanda suka iya doka. Duk wannan hukunci ne, kuma wadda aka yanke wa tana ji a jikinta.

Abin da ya sa ba a cika lissafa kitso cikin manyan sana'o'i ba, a ɓoye yake. A tsakar gida ake yi, gidan da namiji baƙo ba ya shiga. In an gama, ɗankwali da hijabi su rufe. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Za ka ga shanu da raƙuma, ka ga buhunan riɗi da zoɓo, ka ce ga dukiya. Ba za ka ga kuɗin kitso ba. Amma da shi ake sayen sabulu. Da shi ake zubin adashi. Da shi mata da yawa suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu, kwano bayan kwano. Macen da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ba gona, ba jari, sau da yawa yatsunta ne suke ciyar da gidan. Jajibirin salla kuwa, makitsiya ba ta ganin barci.

Ku riƙe wannan a zuciya, jama'a. Kitso sana'a ce da ba ta neman jari. Kibiya, mataji, tabarma, shi ke nan. Shi ya sa ta zama mafakar wadda ba ta da komai.

Yanzu mu ƙetare teku, mu ga abin da ya faru a Amurka.

A can, kowace jiha tana da hukumar da ke ba masu gyaran gashi da kwalliya lasisi. An kafa dokokin ne don masu aiki da almakashi, da rini, da sinadarai masu ƙona fata. Sai ga mata baƙar fata sun buɗe shagunan kitso. Wasu haifaffun can ne. Wasu daga Senigal, da Mali, da Gini, da sauran ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suka je. Hannu kawai suke amfani da shi. Hukumomin suka ce ai ku ma gashi kuke taɓawa, sai ku kawo lasisi.

A shekarar 1997, a birnin Dallas na jihar Texas, 'yan sanda suka kama wata makitsiya mai suna Isis Brantley. Laifinta, kitso ba lasisi. Ba ta cuci kowa ba. Ta shafe shekaru tana fafutuka. Sai a 2015 jihar ta cire kitso daga cikin sana'o'in da ake nema wa lasisi.

Ga wata kuma, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, a jihar Utah. Tun tana ƙarama ta iya kitso, kamar dai 'ya'yanmu na nan. Aka ce mata sai ta yi karatun sa'o'i 2,000 a makarantar kwalliya. Kusan shekara guda ke nan cur, safe da yamma, ga kuɗin makaranta mai nauyi. Abin mamaki, makarantun ba su ma cika koyar da kitso ba. Kamar a ce wa mai dakan fura sai ta kawo lasisin tuƙin mota ne. Ta kai ƙara. A 2012 kotun tarayya ta ce ita ce da gaskiya.

Jihar Mississippi kuwa wata hanya ta bi, bayan gwagwarmayar wata mai suna Melony Armstrong. A 2005 aka sauya doka. Makitsiya ta yi rajista da dala 25, ta karanta ƙa'idojin tsafta, ta kama aikinta. Mata da dama da ke aiki a ɓoye suka fito fili. Har yau jihohin ba su zama ɗaya ba. A New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suka cika shagunan kitso a unguwar Harlem, ana neman karatun sa'o'i 300.

Me muka tsinta a wannan labari? Dokar da aka ce don kare jama'a aka yi ta, sai ta koma kare masu shaguna daga gasa, da cika aljihun masu makarantu. Wadda ta fi kowa iyawa ita aka kora. Kitson kuma bai daina ba. Ya koma ɗaki ne kawai, inda ba mai dubawa.

Za ku ce ina ruwanmu da Amurka. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau a Sule Tankarkar ba mai tambayar makitsiya takarda. Amma zamani yana tafiya. Shagunan gyaran gashi, da a da sai an je Kano, sun iso garuruwanmu. 'Yan mata suna tallar gyaran amare ta WhatsApp. Duk sana'ar da ta fara kawo kuɗi a fili, ba a daɗewa sai an samu mai cewa a kafa ƙungiya, a yanka kati, a hana wanda ba shi da shi. Kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da rumfuna. Ƙofar a buɗe take. Gara mu yi maganar tun kafin a zo.

To, amma tsaya. Kada wani ya ɗauka ina cewa kitso ba ya cutarwa. Yana yi. A nan ne zan ɗan ja kunnen iyayenmu makitsa, kuma zan daɗe a wurin, domin nan ne gizo yake saƙa.

Na farko, makero. Kowa ya san shi. Farin tabo a kan yaro, gashi yana kakkaryewa. Ba maita ba ce, ba kuma shan madara ba ne. Ƙwayar cuta ce, dangin naman gwari, kuma tana bin mataji. Ki taje kan mai makero, ki taje na gaba da mataji ɗaya, kin raba musu. Jajibirin salla yara nawa ne suke wucewa ƙarƙashin kibiya ɗaya? Haka kwarkwata take yawo ita ma. Kuma makero ba ya jin man shafawa kaɗai. Sai an je asibiti an karɓi maganin sha, na makonni. Makitsiya ce mutum ta farko da take ganin fatar kan yarinya da kyau, wani lokaci ma kafin uwarta. Da ta san wannan, da ta zama rabin ma'aikaciyar lafiya a unguwarta.

Na biyu, ɗaure kitso. Akwai masu ganin in bai yi zafi ba, bai yi kyau ba. Yarinya ta tashi daga gaban makitsiya girarta a sama, ta kwana biyu ba ta iya sa kai a matashi. Ƙananan ƙuraje su feso a bakin goshi. Wannan ba ado ba ne. Saiwar gashi ce take neman ceto. In aka sassauta da wuri, gashin yana dawowa. In aka ci gaba shekara da shekaru, gaban kai ya cinye, kuma ba ya sake tsirowa. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan. Mata nawa ne suke jawo ɗankwali har gira, ba don kunya ba, sai don ɓoye goshin da kitso ya ci? Ku da kanku kun san su. Sai a ɗora wa jego, ko a ce hannu ne bai karɓe ta ba. Sau da yawa ja ne kawai ya yi yawa. Ƙarin gashin doki kuma, ban da abin da malamai suka faɗa a kansa, nauyi yake ƙara wa saiwar.

Na uku, kibiyar ƙarfe da reza. In tsini ya soki fata har jini ya fito, aka juya kan wata ba a wanke ba, akwai haɗari. Ciwon hanta yana bin jini. Wanzamai sun riga mu gane wannan. Yau mutum yakan je aski da rezarsa sabuwa, ko da injinsa, ba wanda yake jin haushi.

Yanzu ku duba abubuwan nan da na ambata. Wanne ne a ciki yake bukatar karatun shekara? Babu. Wanke hannu. Wanke mataji da sabulu da ruwan zafi. Tafasa kibiya. Gane makero. Sassauta hannu a bakin goshi. Wannan darasin kwana biyu ne, in an ja shi a yi uku. Shi ya sa nake maimaitawa. A koyar. A koyar da kyau. Amma kada a mai da darasin kwana biyu ya zama shingen shekara guda.

Sai dai akwai inda zan sauya murya. Kitson hannu daban, aikin sinadari daban. Mai shagon da take shafa rilaksa, take rina gashi, take haɗa mayukan sauya launin fata, wannan ta shiga wani fage. Rilaksa in ta wuce lokacinta a kai, ƙuna take yi, har tabo. In ta shiga ido, abin ya fi haka muni. Wadda za ta yi wannan aiki don kuɗi, ya kamata ta zauna a koya mata sosai, a gwada ta, a kuma riƙa leƙa shagonta. Kayan da take shafa wa mutane su kasance masu lambar NAFDAC. A nan ba ni da ja. Kuskuren Amurka shi ne haɗa su biyun a buhu ɗaya. Kada mu maimaita shi.

Mu juya yanzu ga maganar takarda. Shin akwai hanyar da makitsiya za ta samu shaida a Najeriya, in tana so?

Hanyoyin suna nan. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tun ƙarshen shekarun 1980 take haɗa matasa da gwanayen sana'a su koya a hannunsu, kuma gyaran gashi yana ciki. Hukumar jarrabawar sana'o'i, NABTEB, tana da jarrabawar kwalliya da gyaran gashi. Sannan ga hukumar kula da ilmin fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Ita ce take riƙe da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa. A cikin tsarin akwai wani abu da ya burge ni. Ana iya gwada mutum a kan abin da ya riga ya iya, ko da bai taɓa shiga aji ba. A zo a ga aikin hannunka, in ya kai, a ba ka shaida. An yi ta ƙoƙarin jawo masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna cikin wannan tsari.

To, abin da ya halatta ga maƙerin Panteka, me zai hana makitsiyar Sule Tankarkar? Takarda tana da ranarta. Yarinyar da take son aiki a babban shago a Dutse, ko Kano, ko Abuja, za a tambaye ta. Wadda take neman rance ko tallafi, za a tambaye ta. Wadda take son buɗe wurin koyarwa, takarda za ta ƙara mata kwarjini. Irin wannan shaida ƙofa take buɗewa. Lasisin dole kuwa rufewa yake yi. Kun ji bambancin.

Matsalar ita ce nisa. Waɗannan tsare-tsare da Turanci ake rubuta su. A manyan birane ake yin su. Yawanci kuma sai an cika fom ta intanet. Ina matar da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ina wannan? Ga shi ba ta fita sai da izinin maigida. In aka ce yau sai da takarda, ba makitsa za a gyara ba. Za a raba su ne gida biyu. 'Yan boko kaɗan na cikin gari su samu, sauran su zama masu laifi a tsakar gidajensu. Kuma duk inda aka ce abu laifi ne alhali kowa yana yi, kun san abin da ke biyo baya. Mai rasit zai zo, a ɗan ba shi na goro, ya wuce. Mataji kuma yana nan yadda yake, ba a wanke ba.

Saboda haka me nake ganin ya dace da mu, mu mutanen masarautar Gumel?

Mu kai darasin inda matan suke. Makarantun Islamiyya na matan aure suna nan a kusan kowane gari. Ranar awo da ranar rigakafi, asibitocin unguwa cike suke da mata. A gidan biki da gidan suna ma taro ake yi. Ma'aikaciyar lafiya mace ta zo, ta zauna da makitsa, da Hausa, ta nuna musu makero da idonsu. Ba sai an gina sabon ofis ba. Ba sai an sayo mota ba.

Sannan wa zai gwada hannun wa? Wannan tambaya tana da muhimmanci. Ba zai yiwu a turo namiji da biro da fayil, wanda bai taɓa riƙe kibiya ba, ya ce zai auna matar da ta shekara talatin tana kitso. Gwanaye su ne za su gwada na baya. Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Wanzamai suna da Sarkin Aska. Mahauta suna da Sarkin Fawa. Maƙera suna da nasu sarkin. Tun kafin zuwan Bature, masu sana'a suke tsawata wa junansu. A kowace unguwa an san tsohuwar da ta koya wa rabin makitsan wurin. A nemo ta. A girmama ta. A sa ta gaba. Ita da ma'aikaciyar lafiya, ɗaya ta duba kyan aiki, ɗaya ta duba tsafta.

Ina jin wani yana cewa, in ba dole, wa zai zo? Tambaya ce mai kyau, ba zan kauce mata ba. Wasu ba za su zo ba, gaskiya ne. Amma ku tuna irin jarrabawar da na faɗa muku ta unguwa. Ranar da iyaye mata suka fara cewa, ni wajen wance zan kai 'yata, don tana wanke kayanta, ranar sauran za su bi. Bakin mata a gidan suna ya fi sammacin kotu saurin isa. Kuma wadda ta zo da ƙafarta ta fi riƙe darasi a kan wadda aka kawo da barazana.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu da kansiloli, roƙona kaɗan ne. In za ku taɓa wannan sana'a, ku zo da sabulu da malama. Kada ku zo da rasit. Matar da ke kitso a tsakar gidanta ba shago gare ta ba, ku bar ta ta nemi abincinta. In kuma akwai rabon kayan sana'a, ku tuna ba keken ɗinki ne kaɗai sana'ar mata ba.

Kafin in sallame ku, ga saƙona gare ku da ke gida. Ke makitsiya, yau da daddare ki tattara matajanki da kibiyoyinki, ki wanke su da sabulu da ruwan zafi. Gobe in kin ga farin tabo a kan yarinya, ki ja uwarta gefe, ki gaya mata a hankali ta kai ta asibiti. Ke kuma uwa, ki saya wa kowace 'ya matajinta da kibiyarta, ta riƙa tafiya da su. In ta ce miki kitso yana yi mata zafi, kada ki ce raki ne, ki sa a sassauta. Kai maigida, in an ce ana koyar da tsaftar sana'a a garinku, ka ba ta izini ta je. In ka samu hali, ka ƙara mata da kuɗin mota.

Allah Ya sa wa sana'armu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wani jiƙon, in mai duka Ya kai mu. Ku huta lafiya.